Sha Bakwai ga Watan Tara

Baba Tela ya zo ƙasar nan tun ba a haife ni ba. A jirgin ruwa suka sauka, shi da amininsa Kawu Dogo, yana rungume da kan keken ɗinki kamar jariri. Suka kama ɗaki a hawa na uku na wani tsohon bene kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma har yau suna nan. Kawu Dogo ya tuƙa bas har gwiwa ta ce ya isa. Baba Tela kuwa ya ƙare ƙarfinsa a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin benen, yana rage wa mutanen ƙasar tsawon wando, yana canja musu zif. Matarsa ta rasu can gida, Allah bai ba su haihuwa ba. 'Ya'yan Kawu Dogo sun watsu a duniya, sai dai waya.

Ni wanki da guga nake yi a wani otal, aikin yamma. A shagon Baba Tela muka haɗu. Na kai masa rigar aiki ya rage mini hannu, yana aunawa sai allura ta soke ni, na saki wata ashar da Hausa don na ɗauka babu mai ji. Ya ɗago kai ta saman tabarau ya ce, "Kai, 'yata, wannan bakin ai sai a sa masa zif." Na fashe da kuka a tsaye, don na yi wata da watanni ban ji Hausa daga bakin kowa ba.

Daga ranar na samu gida. Duk Lahadi da hantsi muna taruwa a ɗakinsu, ni da Mai Aski da matarsa da duk wani mai jin Hausa da ya ɓato hanya. A sha shayi, a yi gulmar masu gidan haya, tsofaffin biyu su yi ta tsokanar juna. Baba Tela ya ce Kawu Dogo ya fi bas ɗinsa hayaƙi, Kawu Dogo ya ce bai taɓa ganin wandon da Baba ya ɗinka ƙafafunsa suka zo daidai ba. Abu ɗaya ne yake ɓata mini rai a 'yan watannin nan: ana yin azahar Kawu Dogo zai fara tattara kofuna, wai Baba yana son hutawa. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi rowar hira.

A da su uku ne. Na ukun shi ne Baba Mahauci, wanda hukuma ta kai gidan tsofaffi bayan ya fara mantuwa. Sau biyu na je duba shi. Wurin tsaf-tsaf, ma'aikatan ba su da laifi, amma yaren ƙasar ya riga ya gudu daga kansa, Hausa kaɗai ta rage. Na same shi a gaban talabijin, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, yana ta cewa "ruwa, ruwa", wata ma'aikaciya tana shafa masa kafaɗa tana murmushi, ba ta san me yake nufi ba. A can ya rasu, sai bayan kwana biyu muka ji. Tun daga nan babu mai ambaton gidan a ɗakin su Baba, amma kowa da tsoronsa yake kwana.

Sai ga shi Baba Tela ya zame a matakala. Ba wani ciwo ya ji ba, gurjewa ce a goshi, amma asibiti suka ce za su turo mai duba lafiyar tsofaffi. Ina nan ta zo, wata siririyar mata mai jan jaka. Ta zauna ta tambaye shi da yarensu, a hankali, yaushe aka haife shi.

"Da damina," in ji Baba, "shekarar da fara ta cinye mana gero. Haka innata ta gaya mini."

Ta ce wane wata, wace shekara.

"Yarinya, gero ya ƙare, wa zai tsaya duba wata?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta yi ɗan rubutu, ta ce za ta dawo da likita, in abin ya tabbata za a nema masa wurin da za a kula da shi. Na bi ta har matakala, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce mata a garinsu Baba lokacin babu mai rubuta ranar haihuwa, ni kaina kakata da shekarar ambaliya take lissafin tata, wannan ba mantuwa ba ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ai akwai rana a fasfonsa, kuma ya shekara hamsin yana faɗinta a asibiti da banki.

Wannan ma ina da amsarta. Ranar da suka sauka daga jirgi, ma'aikacin tasha ya tambaye su haihuwa suka yi tsuru-tsuru, sai ya rubuta musu ranar saukar, su biyun iri ɗaya: sha bakwai ga watan tara. Tun daga nan Kawu Dogo ne mai faɗa musu ita a ko'ina, don shi ne mai baki. Haka na gaya wa kaina, kuma na yarda.

Na dawo ɗaki. Baba Tela ya riƙe hannuna, nasa ya yi sanyi ƙalau.

"'Yata, wurin Mahauci za su kai ni?"

Na ce, "Baba, sai dai su haɗa da ni."

Dabarar tawa ce. Ranar ta kusa, kuma ta faɗo Lahadi, kafin dawowar mai jan jaka. Na ce mu yi musu bikin ranar haihuwa, su biyun, yadda mutanen ƙasar suke yi, da kek da kyandir da waƙa, don abin da mutum ya ci ya yi dariya a kansa ba ya saurin fita daga kai. Mai Aski ya ce, "Tsofai-tsofai da su, kamar 'yan makaranta?" Matarsa ta harare shi. Shi dai sharaɗinsa a yi bayan la'asar, don ranar yana da masu aski tun safe, sai ya rufe shago. Nan Kawu Dogo ya yi tsalle ya dire, ya ce da hantsi ko a fasa. Na ce, "Haba Kawu, rana ɗaya dai ka bar mutane su ga faɗuwar rana a ɗakin nan." Ya juya ya shiga kicin, aka tsayar da biki bayan la'asar.

Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na biya. "Baba, yaushe aka haife ka?" Wata rana ya faɗa daidai, wata rana ya ce bakwai ga watan sha tara, ya yi ta dariya. Ni ba dariya nake ba. A wurin aiki na ƙone zanin gado biyu da dutsen guga. Ko wayata ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, an zo an tafi da shi.

Ranar bikin muka hura balan-balan har kumatu suka yi ciwo. Na ce wa mai kek kada ya rubuta suna, ya rubuta ranar da manyan lambobi. Baba ya sa kwat ɗin da ya ɗinka wa kansa tun yana saurayi, Kawu Dogo ya sa hular aikinsa ta bas don a yi dariya. Muka yi waƙar da yaren ƙasar, kowa da muryarsa, Mai Aski yana gaba da kowa da layi guda. Tsofaffin suka haɗa kai suka hure kyandir. Sai na ce, "To, Baba, yau wace rana ce?"

Ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, ya ce, "Sha bakwai ga watan tara, ranar da aka haife ni." Ya maimaita da yaren ƙasar, babu gargada. Ɗakin ya kaure da tafi. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga kai.

Na yanka kek na miƙa masa yankan farko. Ya karɓa, ya dubi ɗakin, sai ya juya wurin Kawu Dogo ya ɗan russuna.

"A fara ba baƙo. Bawan Allah, sannu da zuwa. Daga ina?"

Kowa ya tuntsire da dariya, an ɗauka tsokanar da suka saba ce. Kawu Dogo ma ya yi dariya ya ce, "Daga nesa, mai gida." Amma ni ina kusa. Na dubi idon Baba, babu wasa a ciki ko kaɗan, ladabi ne zalla, irin wanda yake yi wa wanda ya shigo shago karon farko.

Na bi Kawu Dogo kicin na turo ƙofa. Sai a lokacin na lura an cire maɓallan murhun gas, babu ko ɗaya.

"Kawu, tun yaushe?"

Ya daɗe yana wanke kofin da ya riga ya fita.

"Tun sanyin bara. Da safe ya san ni, har ya zage ni. Rana tana juyawa sai in zama baƙo." Ya goge ido da bayan hannu. "Kullum sai ya bar mini gadonsa, wai ba a barin baƙo a kujera. Sai ya yi barci in lallaɓa in mayar da shi."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ke da bakin nan naki? Kuma in na faɗa ya zama gaskiya." Ya ajiye kofin. "'Yata, matar nan da yamma ta ce za su zo. Ki kira ta, ke kin fi ni iya yarensu a waya. Ki ce da safe."

Na tsaya ina jin dariyarsu Mai Aski ta bayan ƙofa. Na san matar ba ƙarya ta yi ba. Na san Kawu Dogo ya haura tamanin, da gwiwa ɗaya da maganin zuciya a aljihu, kuma duk ranar da ya faɗi a ɗakin nan da yamma, Baba ba zai san sunan da zai kira ba. Na kuma tuna Baba Mahauci da ƙyallen wuyansa. Tsoro biyu ne, ban san wanda ya fi ba, har yau ban sani ba.

Washegari na kira ta. Na ce da safe ya fi mana.

Suka zo da likita da hantsi. Baba ya faɗi ranar, ya faɗi sunan titi, har ya gaya wa likitan cewa wandonsa ya yi masa tsawo. Suka ce za su sake dubawa bayan wata shida.

Na roƙi shugabar wanki ta mayar da ni aikin safe. Yanzu da yamma nake zuwa, in zauna har su ci abinci. Ni ma wani lokaci baƙuwa ce, wani lokaci ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara. Jiya Kawu Dogo ya shiga banɗaki, sai Baba ya jawo kujerarsa kusa da ni, ya rage murya.

"Baƙon nan mutumin kirki ne," ya ce. "Ba ya son hayaniya, har ƙafa yake matsa mini. Amma ina jin tsoro, 'yar nan. Kada wata rana mutanensa su zo su tafi da shi."