Baba Gwaji, Mai Farawa Daga Kujerar Baya

Kafin mai shara ta gama da zauren taron jama'a, Baba Gwaji ya iso. Ya warware wayoyinsa, ya goge sifika da gefen riga, ya ƙwanƙwasa makirufo da yatsa: "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Shekara talatin da ɗaya, iyakar jawabinsa a zauren ke nan, har sunan ya bi shi gida.

Aikinsa kai makirufo ga wanda ya ɗaga hannu. Sai dai bawan Allahn nan akwai taurin kai, don daga kujerar baya yake farawa. Manyan da ke gaba sun yi ƙorafi har sun gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Ranku ya daɗe, ku ai ko tari kuka yi ana ji."

Waɗanda suka halarci taron da aka yi kan dagwalon wata masana'anta ba su manta ba. Wata dattijuwa mai wankau ta miƙe daga can baya, hannuwanta duk sun saɓule saboda ruwan rafin da take wanki. Ta kasa riƙe makirufo.

"Faɗi abin da ya kawo ki, Iya," in ji Baba Gwaji. "Ni zan riƙe miki."

Tana ambaton masana'antar, shugaban taro ya yi masa alama da ido. Manajan zaure ya lallaɓo ya raɗa masa: "Janye abin nan, in kana son aikinka."

'Ya'ya shida ne a gida, kuma ba shi da wata sana'ar. Ya dubi manaja, ya dubi hannun tsohuwa, sai ya ƙara matsa makirufon kusa da bakinta. Ta amayar da abin da ke cikinta tas, 'yan jarida suna naɗa. Sati biyu bayan nan masu bincike suka sauka bakin rafin.

Shi kuwa aka dakatar da shi wata huɗu. Mai ɗakinsa ta riƙa tsokanarsa: "Oh ni! Kai da ba ka magana, magana ta zaunar da kai." Da sifikun suka ishi kowa da kuka, dole aka aika a kira shi.

Baba, tsarin mulki ya ce kowa na da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma takarda ba ta da ƙafa. Kai ne ka riƙa takawa da 'yancin nan har inda talaka yake zaune. Wallahi kana burge ni.

Yanzu kunnen hagu ya daina ji, ya ajiye aiki. Ranar bankwana aka miƙa masa makirufo, aka ce yau dai sai ya yi jawabi. Ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Gwaji, gwaji," zaure ya kwashe da dariya. Ya buɗe baki ke nan sai ya hango hannu a ɗage a can baya. Mai shara ce. Ya kama hanyar wurinta yana jan waya.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da makirufo ya faɗo hannunku, ku waiwaya baya tukuna.