Aska a Wuyan Alhaji

Ni wanzami ne ɗan wanzami, kuma tun ina yaro nake ƙifta ido. Ba irin ƙiftawar da kowa ke yi ba. Tawa sai idon hagu ya matse gam, kafaɗa ta zabura kamar an tsikare ni da allura, wani lokaci har da gyaran murya. A unguwarmu ta nan Azare babu tsiyar da ban sha ba a kanta. Malamin allo ya ce iskanci ne ya zane ni, kakata ta ce mayu ne ta rataya mini laya, duk a banza. Babana ne kaɗai bai taɓa damuwa ba, don ya lura da abin da sauran ba su gani ba, wato da zarar na ɗora aska a kan mutum hannuna ba ya ko motsi. Yakan ce, "In dai hannu na tsaye, ido ya yi ta rawarsa."

Da ya rasu ya bar mini zabira, jakar fatar nan da muke zuba kayan aiki, da asake da ƙaho. Ya kuma bar mini gidaje, wanda shi ne gadon gaske. A wurinmu kowane babban gida da wanzaminsa, shi ke aske maigida, shi ke aske duk jaririn da aka haifa ranar suna, kuma ba a canza shi sai da dalili mai ƙarfi. Babba a cikin gidajen nan shi ne na wani Alhaji mai sayar da hatsi. Kakana ne ya aske shi yana ɗan kwana bakwai, babana ya aske 'ya'yansa, ni kuma jikoki suka faɗo hannuna. Duk Juma'a da hantsi nakan same shi a zaure in aske masa kai, in gyara gemu, in share ƙasan haɓa. Da na shafa sabulu yake soma gyangyaɗi, har da minshari.

A wata Juma'a irin wannan abin ya fara. Ya ɗaga haɓa, idonsa a rufe, na ɗora aska daidai inda jijiya ke bugawa, sai zuciyata ta ce, da za ka danna fa. Ba murya na ji ba, kada wani ya ce aljani ne ya yi mini magana. Tunani ne, amma da hotonsa, har jinin na gani a kan farar rigarsa. Na ƙarasa aikin ban san yadda na ƙarasa ba, na fito na tsuguna a bakin kwata ina ta a'uziyya. Mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta, shi zan yanka? Tsoron kaina ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ɗauka zai wuce, ashe zama ya zo yi. Duk wuyan da na gani sai ya dawo, na ɗan kasuwa, na Bafulatanin da ya shigo sayar da sa, har na matata in ta sunkuya tana tankaɗe. Na ƙirƙiro wa kaina dokoki. Kafin in taɓa mutum sai na yi a'uziyya bakwai, in na ɓata lissafi in sake daga farko, in goge aska sau uku a hannun riga. Ina korarsa yana ƙara ƙarfi, kafaɗar ma ta ƙara lalacewa. A gida kuwa na zama masifaffe, abu kaɗan in hau mutane da faɗa. Haka na yi shekara guda cur ina aske mutane da wannan abu a cikina, ban faɗa wa kowa ba.

Sai aka yi haihuwa a gidan Alhaji. Matar autansa ce, shekara tara da aure ba ko ɓari, sai ga ɗa namiji. Aka aiko mini da goro tun kwana uku. Ranar suna na yi wanka, na sa sabuwar reza a aska, na rataya zabira, na isa har ƙofar gidan. Ana ta shimfiɗa tabarmi, ga rago a ɗaure. Daga ciki na jiyo kukan jaririn, sai na tuna maɗigarsa, wurin nan mai laushi a tsakar kai da ke motsi kamar numfashi. Ƙafata ta ƙi shiga. Na juya kamar wanda ya yi mantuwa, na miƙe tasha, na hau motar Udubo. Can na wuni a gindin wata tsamiya ina kallon shanun mutane, ba ci ba sha.

Sun jira ni har rana ta take. Sau biyu ana aikawa gidana, daga bisani aka kira wani wanzami daga wata unguwa. Wanda ba ɗan gari ba zai ce ai aski ne kawai, ko wa ya yi ya yi. Ba haka ba ne. Wanzamin gida ya ƙi zuwa suna, zagi ne ga gidan baki ɗaya. Nan da nan magana ta bazu cewa fushi na yi don an rage mini kason nama a sunan baya. Na ji, na bar su da zancensu. Gara a ce mini makwaɗaici da a san abin da ke raina.

Matata ce ta fasa ƙwan. Na ba ta zabirar na ce ta kulle a akwatinta, ta haɗa da wuƙar yanka albasa. Ta dube ni ta ce, "Malam, yau shekara sha shida ina gidan nan, ban taɓa ganin zabirar nan ta kwana nesa da kai ba. Ko ka faɗa mini, ko in tafi in kira yayarka." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duka, har da nata wuyan, ina kuka wiwi, ƙato da ni. Na zata za ta kwashe yara ta gudu. Sai ta ce, "To shi ne kake ta sauke mana kwandon masifa? Tashi ka je wurin liman."

Liman ya saurare ni bayan la'asar, sai da kowa ya watse. Ya ce wannan waswasi ne, kuma abin da mutum ke ƙi har yana zubar da hawaye a kansa ba a rubuta masa shi zunubi. Ya ba ni addu'o'i. Ina shirin tashi ya riƙe mini riga ya ce, "Ka kuma je asibiti, akwai likitocin wannan. Ko zazzaɓi ai addu'a ake yi a sha magani."

Wanzami ba ya son jarfa. Ni da nake tsaga bayan mutane in kafa musu ƙaho ina ce musu su daure, sau biyu ina zuwa ƙofar asibiti ina komawa. Kowa a garin nan ya san sunan da ake kiran wannan sashe da shi, kuma wa zai miƙa kansa ga wanzamin da aka gani a layin mahaukata? A karo na uku matata ta sa hijabi ta biyo ni, ta zauna a gefena kamar mai gadi. A bencin na tarar da wani dillalin wake da na sha yi wa ƙaho. Muka haɗa ido, ya matsa mini wuri, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa abin da ya kawo shi.

Likitan matashi ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Ya bar ni na yi ta zuba, bai ko ɗaga gira ba, abin har ya ba ni haushi. Da na gama ya ce, "Malam, in tunanin ya zo, kana jin sha'awar aikatawa?"

Na ce, "Da ina sha'awa me zai kawo ni nan? Ai da tuni ina gidan yari."

Ya ce amsar da yake nema ke nan. Ciwo ne sananne, in ji shi, yana kama mutum ta wurin abin da ya fi ƙauna da tsoron ɓatawa, kuma sau da yawa tare yake tafiya da irin ƙiftawata. Ya rubuta mini ƙwaya, ɗaya kullum da safe, ya ce sai an yi makonni kafin in ga aikinta. Sannan ya kawo wadda ta fi ƙwayar ɗaci. Wai in fito da zabira daga akwati. In yi ibadata yadda na saba, amma in daina ƙirgen bakwai ɗin nan da goge aska, in tunanin ya zo in bar shi ya zauna, kada in yi kokawa da shi. Na ce a raina, tsakanin ni da yaron nan wa ya fi buƙatar magani?

Amma na bi. Satin farko aska kawai nake riƙewa ina zaune a tsakar gida. Ƙwayar ta sa ni tashin zuciya da bushewar baki, na so in watsar, matata ta tsaya a kaina. Daga nan na aske wuyan kaina a madubi. Daga nan na koma rumfata ta kasuwa, kai kawai, sai kuma gemu. Duk wata ina komawa wurin likita in kai masa rahoto. Tunanin bai mutu ba, kuma har yau bai mutu ba. Ya dai koma kamar ƙarar injin niƙan maƙwabta, ina jinsa ina aikina.

Wata biyar ban taka gidan Alhaji ba. Likita ya ce ba dole ne in faɗa wa kowa ba, sirrina ne. Na yi ta juya maganar. Sauran mutane ban ga dalili ba, amma wannan tsoho na ci amanarsa ranar farin cikinsa, ya kamata ya san ba don nama ba ne.

Na je wata Juma'a da hantsi. Yana zaure a kan buzunsa, kansa a aske, amma ƙasan haɓarsa ya yi buya-buya da furfura. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa komai, tun daga ranar farko har zuwa tsamiyar Udubo da bencin asibiti. Ina cikin magana na ji motsin takalmi a bayan ƙofar cikin gida, na san Hajiya ce, uwargidansa, kuma na san ta ji.

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara guda kafin sunan, Alhaji."

"Kana aske ni duk Juma'a?"

"Ina aske ka."

"Ina barci?"

"Har da minshari."

Ya ce, "Ka cuce ni, ɗan nan. Ba da tunanin ba, da shirun. Ubanka ko ƙaya ta soke shi sai ya faɗa mini." Ya shafa haɓarsa. "Wancan da suka kawo hannunsa nauyi, kai kawai nake ba shi. Ka zo da kayan?"

Daga ranar ba a sake aiko mini da goron suna daga gidan ba. An yi haihuwa uku tun lokacin, wancan wanzamin ake kira. Hajiya ce ta hana, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce. Abin da kakana ya fara ya ƙare a hannuna, yana kuma yi mini ciwo har gobe.

Amma a ranar na buɗe zabira, na kaɗa sabulu, na shafa masa. Idona na hagu ya matse, kafaɗa ta zabura sau ɗaya. Ya jingina da bango, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Na ɗora aska inda jijiyar ke bugawa, tunanin ya zo kamar yadda ya saba, na bar shi ya zauna. Ban kai rabin wuyan ba tsohon ya fara minshari.