Ranar da Na Shiga Jirgi Ba Kaya

Shekara talatin da ɗoriya ina sayen shanshera, shinkafar da ba a sussuke ba, a bakin kogin Hadejia, amma ban taɓa shiga jirgi don kallon ruwa ba. Ruwa a wurina hanya ce kawai. A sauke buhu, in soka hannu in duba ƙwaya, a ɗora a mota. Duk wanda ya gan ni a mashigi da sassafe ya san akwai kaya a gabana ko a bayana.

Wanda ya ɓata min wannan tsari taubashina ne, ɗan kawuna, tsohon hedimasta. Tun muna yara yake ce min bawansa, kuma furfura ba ta sa ya daina ba. 'Yarsa ce ta nuna masa wani bidiyo a waya, na Turawa cikin ƙananan jirage masu tafiya da iska, suna bin gaɓar teku, suna tsayawa a tsofaffin garuruwa suna ɗaukar hoton bango. Washegari sai ga shi a rumfata da littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Ya ce, "Bawana, tashi ka ba ubangidanka kujera. Hutu za mu tafi."

Na ce, "Kai da ka yi ritaya, hutun me kuma? Hutu daga zama?"

Bai kula ni ba. Ya buɗe littafi. Ya zana kogin da shuɗin biro, daga wajen Miga, ya gangaro ta Auyo, har Hadejia. Kwana biyu a jirgi, muna bin ruwa. Nan za mu tsaya mu ga ragowar ganuwa. Nan ne fatake suke tsallakewa da jakunan kanwa a zamanin da. Nan akwai tsohuwar marina. Kowane wuri ya sa masa lamba, kamar zai yi mana jarrabawa in mun dawo.

Wuri na ƙarshe bai sa masa lamba ba, da'ira ya yi masa. Kufan ƙauyenmu ne, inda aka haifi ubansa da uwata, inda shi ma ya yi shekarunsa bakwai na farko kafin ruwa ya kori mutane. Yanzu ciyawar kacalla ta kewaye wurin, ba a shiga sai ta wata siririyar hanyar ruwa, ita ma sai a ƙarshen damina, kafin kogi ya ja da baya.

Na ce mu bari sai baɗi, bana ina da hidima.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya gaya masa gaskiya, ba irin wanda ake wankewa ba ne. "Cewa ya yi in akwai abin da nake son gani, in gan shi bana."

Na jawo littafin gabana na ce, "Wace rana?"

Muka raba aiki. Shi zai tanadi guzuri, ni jirgi. Mako guda yana zuwa min da jerin kaya: laima, buta, tabarma, kilishi, fulas biyu, rediyo, man zafi. Har hular malafa ya saya mana iri ɗaya. Na ce in na sa wannan a kaina, ranar zan rufe rumfa.

Na hau mashin na tafi wajen Miga gun sarkin jirgi, dattijon da ya fi shekara ashirin yana ɗauko min kaya. Na same shi a gindin giginya da mutane kusan goma, wasu na gyaran koma, wasu na jiran fito. Muka gaisa, na ce ina son jirgi na kwana biyu, har Hadejia.

Ya ce, "To, Alhaji. Buhu nawa?"

A nan na yi kuskuren. Na dubi mutanen nan, duk sun san ni. A wurinmu namiji mai iyali ba ya tashi haka kawai ya ce zai je kallon ruwa. Ana zuwa gaisuwar mutuwa, ana zuwa biki, ana zuwa cin kasuwa. Yawo na yara ne da waɗanda kansu ya taɓu. Sai na gyara hula na ce, "Akwai ɗan abin da zan duba a hanya."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai a hankali. "Na gane. Ba sai ka faɗa ba."

Kafin in iso gida maganar ta riga ni. Wani abokin sana'a da muka shekara ba mu gaisa ba ya bugo waya yana tambayar lafiyar iyali. Manoma a Auyo suka ƙi buɗe rumbu, wai sai sun ga abin da Alhaji ya hango. Maiɗakina ta aje min tuwo ta ce, "An ce za ka saye kogin. Ka rage mana na wanki."

Ranar tafiya muka isa mashigi bayan hantsi ya fara. Sarkin jirgi ya fito mana da babban jirginsa mai inji, wanda ke cin buhu sittin, an share cikinsa tas, har da igiyoyi da tamfol. Shi da kansa zai tuƙa. Hedimasta ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Ka ga yadda ake karɓar ɗan namiji." Ya shimfiɗa tabarma a inda buhuna ke zama, ya buɗe laima, ya kunna rediyo.

Ranar farko ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ganuwar da ya zana mun same ta, tudun ƙasa ne da awaki a kai, amma ya tsaya ya yi mana bayani har shayi ya huce. Marinar kuwa gonar albasa ta zama. Duk inda muka tsaya sai mutane su taru, su leƙa cikin jirgi, su dube ni. Sarkin jirgi yana ta jiran in ce a ɗora. Muka kwana gidan wani ɗan'uwa a Auyo.

Da safe muka iso bakin siririyar hanyar. Ko ni da ba matuƙi ba na ga jirginmu ba zai shiga ba, ya ninka faɗinta. A jikin kacalla kuma ga shatar laka, ruwa ya sauka kusan taƙi guda. Sarkin jirgi ya ce nan da kwana huɗu ko biyar sai dai a shiga da ƙafa, in kuma an shiga ba a fita.

A gefe akwai zangon masunta, da ƙananan kwale-kwale a ɗaure. Na sauka na yi sallama, na nemi aron ɗaya. Babbansu, wani tsoho mai baƙin haƙori na goro, ya amsa min da fara'a, ya kuma ce a'a. Bayan hanyar nan akwai tafkin da suka rufe, ba mai jefa ƙugiya sai ranar da aka buɗe wa kowa. Sun kuma ji labari tun jiya cewa wani babban dillali na tafe da jirgin kaya, yana da abin dubawa.

Tsohon ya ce, "Alhaji, kifin nan ko mu ba mu leƙa shi ba. Ka dawo ran buɗi, ka saya kamar kowa."

Na ce ni shinkafa nake saye. Ya ce, "Da ma. Kowa da inda yake farawa."

Na waiwaya. Hedimasta na tsaye a bakin jirgi, ya kare ido ɗaya da tafin hannu, yana neman kan kukar ƙauyenmu ta saman ciyawa. Bai ma ce min bawana ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Na cire hula na riƙe a hannu. Na ce, "Baba, ba abin da zan saya. Ba abin da zan duba. Yawo muka fito."

Tsohon ya karkato kunne. "Me kuka fito?"

"Yawo. Hutu. Wancan ɗan kawuna ne, a kufan nan aka haife shi, yana so ya gani. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Sarkin jirgi ne ya fara. Ya zauna daɓas a bakin jirgi yana dariya har da tari. "Kwana biyu ina jan jirgin buhu sittin da fulas biyu a ciki!" Masunta suka ɗauka. Wata mata da ke bandar kifi ta fito daga hayaƙi don ta ga fuskata.

Tsohon bai yi dariya sosai ba. Ya kira Hedimasta ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Da ya faɗa, sai ya ce, "Masu rijiya a ƙofar gida? Na sha ruwanku." Ya kwance kwale-kwalensa da kansa.

Abin ya yi ƙanƙanta, in na yi numfashi sai ya karkata. Na riƙe gefe biyu ina salati, Hedimasta na cewa, "Zauna daidai, bawana, kar ka jiƙa ubangidanka." Ciyawa na shafar fuskokinmu, tsohon na tura gora, har muka ɓulla wani tudu.

Kukar na nan. Ban da ita sai gutsattsarin tukwane da wani dutsen niƙa da ya nutse rabi. Hedimasta ya zagaya kukar sau biyu, ya kusanto da idonsa jikinta, ya nemo inda ake kafa turaku a hau. Ya auna taku goma sha biyu gabas ya ce nan ɗakin kakarmu yake. Ya daɗe a tsaye. Ni kuma, ban san lokacin da na sunkuya na ɗebi ƙasar wurin na murza ba.

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Zubar. Ba za a noma shinkafa a ɗakin kakata ba."

Na zubar.

Har yau in na je mashigi sai wani ya ɗaga murya, "Alhaji, kaya ko yawo?" Na daina jin haushi. Idon Hedimasta ya rufe a bazarar da ta biyo. Yakan sa a rako shi rumfata ya ce in ba shi labarin tafiyar. In na ce kukar na hannun dama da muka sauka, sai ya buga sanda a ƙasa ya ce hagu. Kuma hagun ce.