Fiffiken motar Baushe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Filinge ran kasuwa ya san Baushe, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke zagaya wata tsohuwar Fijo da igiya a kafaɗa, yana gardama da mata a kan inda za a sa tukunya da inda za a sa akuya. Ɗan wani ƙauye ne na tsakiyar ƙasar Kurfai. Ubansa manomi ne, kakansa mai goge ne a wajen 'yan bori, shi kuwa tun yana ƙarami kukan inji ya fi masa daɗin kunne. Ya yi aparanti, wato yaron mota, a bayan manyan motocin Yamai har gemu ya tsiro masa, sannan aka ba shi tuƙi, daga baya ya sayi tasa ta hannu, irin Fijon da direbobi ke kira sank-san-kat, wato 504 da Faransanci. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa.

Abin da aka san motar da shi, kofur ɗinta, wato ma'ajin kaya na baya, ba ya rufuwa. Ba lalacewa ya yi ba, cika ce. Buhun hatsi, tabarmi, tuluna, kaji cikin akurki, a yi ta lodi har kayan su yi tozo, sannan a janyo murfin a ɗora musu, Baushe ya bi ta samansa da igiya ya tamke. Matan Bonkuku da na Damana sun fi yarda da ɗaurinsa a kan kwaɗo. Kuɗin fasinja na man mota ne. Tuwon gidansa daga kayan baya yake fitowa.

Wata damina inji ya buga a cikin kwari, aka jawo motar gida da shanu. Ta zauna a bayan madafar matarsa Lantana har kaji suka mai da ita akurki, Lantana kuma ta samu wurin shanya kuɓewa. Baushe ya koma gona bai yi wa kowa kuka ba. Sai dai in ya ji ƙahon mota daga nesa, yakan tsaya da noma har sai ƙarar ta ɓace.

Ana nan sai Ibrah ya dawo gari. Ibrah aparantin Baushe ne na da, wanda ya tafi Yamai ya koyi bugun jikin mota da walda, yanzu ya zo ya buɗe garajinsa a bakin gudron, wato titin kwalta. Ya zo gaisuwa, ya ga motar, ya daɗe yana kallonta. Da zai tafi ya roƙi a bar shi ya ja ta. Baushe ya ce ba shi da abin gyara. Ibrah ya ce ai shi ma lokacin da aka koya masa riƙon sitiyari ba abin da ya biya. Sharaɗinsa ɗaya, kada Baba ya leƙo garajin sai an kira shi.

Kaka ta wuce kafin kiran ya zo. Baushe ya tarar da garajin cike da mutane, direbobi da masu shayi da 'yan kallo. Aka yaye tamfol. Motar ta fito fara sol kamar nonon safe, kujeru sababbi, inji yana magana ƙasa-ƙasa irin na ƙuruciyarta. Baushe ya dafa ta yana salati. Ya fara zagayawa, har ya iso baya. Nan ya tsaya.

A bisa murfin kofur an kafa wani baƙin fiffike, daga gefe zuwa gefe, irin na motocin tsere da samari ke kallo a waya. Ibrah ya matso yana murmushi har kunne. Ya ce sauran kayan duk sayowa ya yi, amma wannan da hannunsa ya buga shi, ya yi ta ɓatawa yana sakewa kafin ya fito. Ya ce in mota ta ɗauki gudu, shi ke danne bayanta ƙasa.

Baushe ya taɓa fiffiken da yatsa. Siririn kwano ne, kuma daidai inda igiya ke bi aka zaunar da shi. Ja ɗaya zai lotse kamar gwangwanin madara. Ya ɗaga kai, ya ga Ibrah na kallon fuskarsa, jama'a kuma na kallon Ibrah.

"Allah shi yi ma albarka, ɗana," in ji shi. "Abin da ka yi mini, ɗan cikina ma sai haka."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ɗaure shi.

Kafin la'asar labari ya kai tasha. Kailu, wani Bazabarme abokin wasansa, ya ce a tara wa Baushe guzuri, bana Makka zai tafi ba tikiti. Wani ya ce zabuwa ce ta tsufa ta tuna tana da fiffike. Wannan bai dami Baushe ba, shi ma bakinsa ba a ɗinke yake ba. Ya ce wa Kailu in ya tashi sama zai sako masa gaisuwa irin ta shaho.

Abin da ya dame shi ya faru ne ran kasuwar Bonkuku. Ya sa 'yan kaya kaɗan, ya rufe kofur ruf, karon farko a rayuwarsa. Tambara mai tukwane, wadda ta fi kowa daɗewa da shi, tana tsaye da kayanta tana jira ya ɗauko igiya. Da ta ga ba shi da niyya, ta kira mai amalanken jaki. Tana wucewa ta ce masa, ba da faɗa ba: "Baushe, kai an yi ma mota, mu an amshe muna."

Lantana ta ce abin bai kai na rashin barci ba, 'yan kusoshi ne, ya kwance su. Baushe ya ce ba ta gane ba. Garajin yaron sabo ne. In aka ga motar gobe ba fiffike, duk Filinge za ta ce maigidan Ibrah da kansa ya raina aikinsa, kuma wa zai sake kai masa ƙarfe? Lantana ta ce to su ci fiffike da miyar kuka. Ya yi dariya, amma kwanakin nan tuwo bai yi masa daɗi ba.

Wata hantsi, lokacin da ya san garajin ya fi cika, ya tuƙo motar ya tsaya a ƙofa. Ya fito da igiyarsa a kafaɗa. Ya gaisa da kowa, ya yabi injin, ya ce tun daga Bonkuku ake tambayarsa wa ya yi wannan aiki. Sannan ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

"Ibro, roƙo na taho yi. Wanda ya ba ka riga, shi kaka tambaya aljihu. Hihhiken ga ya yi mini. So nike ka ƙara mai ƙarhi, ka yi mai ƙahwahu na ƙarhe, yadda zan samu wurin kama igiya."

Yana faɗa yana shimfiɗa igiyar a hankali bisa fiffiken, bai ja ba. Kwanon ya ɗan yi ƙara.

Ibrah ya dubi igiyar. Shekaru ya yi yana jan ta da hannunsa a tashoshin ƙasar nan. Murmushinsa ya tafi. Ya sunkuya kamar mai duba kusoshi, ya ce ƙasa-ƙasa: "Baba, wallahi na mance da kaya. In hidda shi?"

"Ka hidda mi? Ni cewa na yi ka ƙara."

Ibrah ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe, sai ya ce a miƙo masa ma'auni, ya shiga bayani wa jama'a yadda za a tokare murfin ta ciki, kamar dama can haka ya shirya. Baushe ya ja benci ya zauna, ya karɓi kofin shayi.

Aikin ya ci 'yan kwanaki. Fiffiken ya dawo da siffarsa, amma yanzu ƙashinsa bututun ƙarfe ne, da zobba a ƙarƙashi. Ran kasuwa Tambara ta zo da kanta ta jijjiga shi da hannu biyu kafin ta yarda a ɗora mata tukwane. Kofur ya yi tozo, murfi ya hau, fiffike ya kalli sama. Kailu ya ce yanzu kam ko guguwa ba ta tashi da ita.

A Bonkuku, Baushe na kwance kaya, wani direban Damana ya tsaya yana duba zobban, ya tambaya ina ake yin irin wannan.

"Ɗana na," in ji Baushe. "Garajinai na nan bakin gudron, in ka shigo Hilinge. Ka ce mai ni na turo ka."