Bugu Biyu a Yashin Gulbi

Wata Talata da hantsi, a bazarar 1984, ina tsaye cikin busasshen gulbin da ke bayan ƙauyenmu, can gefen Gazawa, riƙe da sanda mai lanƙwasasshen kai, cikina sai ƙugi yake. Shekarata goma. Rumbunan gidanmu sun daɗe wayam, a lakol ma malam ya bar kiran suna don rabin aji sun bi iyayensu kudu. Da safe mukan tsinko anza a kai wa inna ta jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, sannan mu gangara gulbi mu yi wasa don mu manta da ciki.

Wasan namu ƙwallon goriba ne da aka gama gwaguya. A buga shi da sanda har ya faɗa ramin da muka tona gindin gawo, wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. Ranar kuwa akwai abin ci na gaske: goriba guda, ja jawur da namanta, wadda muka tsinta ni da Buba, kowa na rantsuwa shi ya fara gani. Buba ɗan Fulanin da suka sauka bayan gari ne, garkensu ya ƙare sai saniya ɗaya da ba ta tashi sai an ɗaga ta. Muka shirya wanda ya ci wasa ya ɗauka.

Na jefa nawa a bugu shida. Buba na da huɗu ƙwallonsa ya nutse cikin lallausan yashi dab da rami. Ya ɗaga sanda ya kai bugu, yashi ya tashi, ƙwallon ya yi tsalle ya sake gamuwa da sandar a sama, tak-tak, ya gangara rami. Na daka tsalle na ce ya taɓa sau biyu, ya karya doka, ya faɗi wasan. Muka kai ƙara wurin Baba Ilu, tsohon da ke tufkar igiya a inuwar gawon. Ya tambaye ni sau nawa hannun Buba ya tashi, na ce sau ɗaya. Ya ce, "To yashi ne ya yi na biyun, ba yaro ba."

Ni da taurin kai, ina! Na zube ina birgima, ina kuka, ina cewa Baba bai san dokarmu ba. Sai Buba ya miƙo mini goribar, ya ce da Hausarsa ta Fulani, "Ɗauka, ni na sha nono da safe." Na fizge, na ruga gida na ɓuya bayan rumbu na gwaguye ta tas. Kwana uku bayan haka su Buba suka tashi suka yi kudu, ban sake ganinsa ba.

Bara ɗana ya nuna mini wasan golf a wayarsa, manya da fararen kaya suna bugu cikin yashi. Ya ce a dokarsu, in sanda ta taɓa sau biyu ba da gangan ba, bugu ɗaya ake ƙirgawa. Ashe Baba Ilu ya yi daidai. Yau yaran ƙauyenmu ƙwallon ƙafa suke yi a gulbin, da cikinsu cike, ina jin daɗin ganinsu, ina kuma duban hanyar kudu. Ba hukuncin ke hana ni sukuni ba. Na san saniyarsu ba ta da nono, kuma na karɓa.