Harafin da Ya Faɗi Daga Laraba

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, kuma tun a shekararsa ta biyu abokan aiki suka laƙaba masa Waƙafi, domin ya taɓa sa an kashe inji ana tsaka da buga kalanda saboda waƙafi ɗaya ya zauna inda ba wurinsa ba. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma idan ranta ya yi fari da shi take kiransa.

Teburinsa na jikin taga, tsakanin ɗakin ajiyar takardu da ɗakin injuna, inda ƙara ba ta yankewa. Kayan aikinsa uku ne: jan biro, rula ta ƙarfe, da ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya rabu da shi tun da daɗewa. Yakan ɗora rular ƙarƙashin layi ya karanta, in ya kai ƙarshen shafi sai ya sake karantawa daga ƙasa zuwa sama, kalma kalma, don kada ma'ana ta yaudari idonsa. Ya gyara littattafan makaranta da katunan gayyata da takardun jarrabawa. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne ranar da ya kama harafi ɗaya a kwalin wani magani, harafin da zai mai da sunan maganin ya koma na wani dabam. Kwali dubu ashirin aka kusa bugawa. Wannan labari 'ya'yansa sun ji shi har sun haddace.

Da ya ajiye aiki, 'ya'yan suka saya masa waya mai shafawa, suka sa shi a guruf ɗin gida, inda ake hira rabi Hausa rabi Turanci. Mako guda ya yi yana karantawa bai ce uffan ba. A na biyu ya kasa jurewa. Wani ya haɗiye rabin kalma, wata ta sa lamba a madadin harafi, babban ɗansa mai digiri biyu ya rubuta jimla huɗu babu aya ko ɗaya. Waƙafi ya fara aiki. Duk saƙon da ya shigo sai ya dawo da shi a gyare, da ɗan tauraro a gefen kalmar da aka ci zarafinta.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce ba ta tsoronsa.

"Haba Baba, ai dai ka gane abin da nake nufi."

"Ni na gane. Turancin ne bai gane kansa ba."

Haka aka yi shekara uku, har wata safiya da ya rubuta wa Auta cewa zai zo duba jaririnta ranar Laraba. Da Turanci ya rubuta kamar kullum, ya karanta sau biyu, ya aika, ya koma ga shayinsa. Bai kai rabin kofi ba wayar ta fara tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Auta ce ta dawo masa da kalmar Laraba, da tauraro a gefenta. Harafin nan da ke kwance a tsakiyar kalmar a Turance, wanda ake rubutawa ba a furtawa, babu shi a saƙonsa. Guruf ya kaure da dariya. Babban ɗan ya ce a rubuta ranar nan a tarihi, wata jikar ta ce yau Kaka ya shigo gari.

Shi ma ya aika alamar dariya ɗaya. Ya shiga ɗaki ya lalubo madubin ƙara girman rubutu a cikin durowa, ya zauna bakin gado ya bi saƙonninsa na baya ɗaya bayan ɗaya. A wata guda ya samu kuskure biyar. Biyar, kuma duk ya karanta su kafin ya aika bai gani ba.

Abin da ya faɗo masa a rai yayansa ne, Allah ya jiƙansa. Akawu ne mai kyan rubutu, wasiƙarsa kamar an buga da inji. Ciwonsa da haka ya fara: harafi ya faɗi nan, kalma ta maimaitu can, aka yi ta dariya. Bayan shekara biyu bai san hanyar gidansa ba. Bayan huɗu ya dubi Waƙafi ido cikin ido ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo.

Bai gaya wa kowa ba. Ya daina rubutu a guruf. Ranar Larabar ya je gidan Auta, ya ɗauki jariri, ya yi murmushin da aka sa ran zai yi, ya dawo. Daga nan ya shiga yi wa kansa jarrabawa a ɓoye. Kowace safiya sai ya jera sunayen jikokinsa tara daga babba zuwa ƙarami, sannan daga ƙarami zuwa babba. Yakan ɓoye makulli a wani wuri ya ga ko zai tuna da yamma. Ranar da ya shiga kicin ya tsaya bai san abin da ya kawo shi ba, sai da ya dafa bango.

Matarsa tela ce, kekenta na baranda, kuma babu abin da ke wucewa ta ƙofar gidan ba ta gani ba. Mako uku ta zuba masa ido. Ranar da ta ga ya fito da takardun gida yana jera su a ambulan yana rubuta sunan kowa a kai, sai ta tsayar da keken.

"Malam, tafiya za ka yi ne ba ka faɗa ba?"

"Gyara kawai nake yi."

"Gyaran da ya hana ka cin abinci? Yara suna ta tambayata ko fushi ka yi da dariyar da suka yi. Na ce musu kai ba ka fushi, ka dai iya sa mutum ya yi. Zauna ka gaya mini."

Ya zauna a kan kujerar masu kawo ɗinki. Ya dubi zaren da ya zube a ƙasa ya ce, "Irin na Yaya ne ya kama ni."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi sosai, ta ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Na gani da idona."

"Idon da jiya ka zuba gishiri a shayi da shi?" Ta jawo wayarta. "Likita ne zai faɗa, ba kai ba."

Washegari Auta ta zo da jariri a kafaɗa ta kai shi asibiti. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba, abin da bai kwantar masa da hankali ba ko kaɗan. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta faɗa masa kalmomi biyar ta ce ya riƙe. Ta tambaye shi ranar wata, ta sa ya zana agogo ya nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma, ta sa ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya a minti ɗaya. Ya kawo ashirin da shida, har da waɗanda ta ce ba ta taɓa ji ba. Da ta koma kan kalmomi biyar ɗin, ya jero mata su a yadda ta faɗe su.

"To Baba, faɗa mini harufan kalmar nan da ta tayar maka da hankali. Da baki."

Ya faɗa, harafi tara cif.

"Daga ƙarshe zuwa farko fa?"

Ya faɗa ba tare da ya numfasa ba. Sannan ya ɗan yi gyaran murya, ya nuna wata babbar sanarwa da ke manne a bayan ƙofa, mai harufa kamar tafin hannu. "Likita, ki yi haƙuri, tun da na shigo abin ke damuna. Layi na biyu, akwai harafin da ya kamata ya zama biyu, ɗaya aka sa."

Likitar ta waiwaya, ta karanta, ta fashe da dariya har ta dafa tebur. "Shekara biyu takardar nan tana nan!" Ta miƙa masa wayarta ta ce ya karanta saƙon da ke sama. Ya kawo ta kusa, ya kai ta nesa, ya karkata ta wajen taga. Layukan suka yi ta narkewa cikin juna. Ta ɗauko 'yar tocila ta haska idonsa na dama, sannan na hagu.

"Baba, ƙwaƙwalwarka ta fi tawa lafiya. Yanar ido ce ta fara rufe maka idanu, duka biyun, na dama ya fi. Kana danna harafi, yatsa ya zame, ido kuma bai ga ya zame ba. Aiki ne ƙarami, ana yi kullum."

Ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji, har numfashin ya zo masa da wani sauti da ya ba shi kunya. Auta ce ta fara share hawaye, domin sai a ɗakin nan ta san abin da mahaifinta ya yi mako uku yana ɗauke da shi.

"Da na sani da ban sa tauraron nan ba," in ji ta.

"Da ba ki sa ba da har yanzu ina zuba gishiri a shayi. Kin yi daidai. Kuskure ne, kin gyara."

Suna zaune a layin karɓar katin ɓangaren ido, ya ga Auta tana rubuta wa 'yan gida labari. Jariri na cinyarta yana jan ɗankwalinta, jaka na rataye a gwiwar hannunta, katinsa na tsakanin haƙoranta, babban yatsa ɗaya ne ke aikin gaba ɗaya. Ana cikin haka aka kira lambarsu, ta aika ba ta duba ba.

"Haka kike rubutu kullum?"

Ta cire katin daga baki. "Yau ma ina zaune ne. Wani lokacin ina tafe, wani lokacin ina juya tukunya. Na san yadda ake rubuta su, Baba, kai ka koya mini. Wayar ma kanta wani sa'in sai ta canza maka kalma ba ka sa ta ba." Ta gyara riƙon jaririn. "Amma ba kowa ba ne haka. Mijin yayata shi da gaske bai iya ba, ka san bai yi nisa a makaranta ba. Ka lura ya yi shekara biyu bai ce komai a guruf ba?"

Bai lura ba. Surukin nasa mai gyaran lantarki ne, mutum mai kunya, wanda duk wayar wutar gidan Waƙafi shi ya ja ta da hannunsa. Ya tuna ya taɓa dawo masa da saƙon gaisuwa da taurari shida.

Aka yi aikin idon dama, bayan wata guda aka yi na hagu. Ranar da aka cire bandeji na farko ya dawo gida ya tsaya tsakar falo yana kalle-kalle. Ashe labulen shuɗi ne. Ashe fankar sama ta yi ƙura haka. Ya dubi matarsa ya ce, "Yaushe kika yi furfura?"

"Tun kana gani," in ji ta. "A mayar maka da bandejin in ba ka so."

Ya koma guruf, amma taurarin sun ragu ƙwarai. Ba wai ya daina ganin kuskure ba ne, yanzu ma ya fi gani, kuma har gobe in ya ga an sa lamba a madadin kalma sai ya ji kamar tsakuwa a takalmi. Shi dai nasa saƙon sai ya karanta sau uku. In jikokinsa suka tambaye shi ko rubutu daidai yana da wani amfani tunda kowa na ganewa, yakan ce ya danganta da inda rubutun zai kwana: wanda za a karanta a manta kafin azahar daban, wanda za a kai ofis ko a manna a kwalba daban.

Surukin kuwa kiransa ya yi a waya, da baki, ya ce ya yi masa ba daidai ba. Mutumin ya rikice, ya yi ta cewa ba komai Baba, wallahi ba komai. Bayan kwana goma sai ga shi da yamma a kan babur, ya durƙusa ya gaida su, ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun riga. Sabon shago ya kama a bakin titi, zai ba mai fenti rubutun allo, yana so a duba masa tukuna.

Waƙafi ya buɗe takardar. Layi uku ne, kuskure bakwai. Ya dubi surukin, ya ga gumi a goshinsa.

"Hannunka na da kyau," ya ce. "Jawo kujera ka zauna kusa da ni. Wannan kam sai mun gyara, don shekara goma zai yi a bakin titi kowa na karantawa."

Suka gyara tare, yana faɗa surukin na rubutawa. Da suka kai layi na uku, surukin ya tsaya ya ce shi a ganinsa kalmar farko ma ba a bukatarta, allon zai yi cunkoso daga nesa. Waƙafi ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido kamar mai tsaye a wancan gefen titi, ya ce gaskiya ne, a cire ta.