Gwaggo Kulu da Ruwan Banki

Duk wanda ya san Gwaggo Kulu mai shinkafa ya san littafin bankinta, wanda take ƙunshewa cikin tsumma uku ta ɗaure a ƙugu. Ƙanwar babana ce. Lokacin muna jihar Sakkwato ina koyarwa a Birnin Kebbi, ni ke raka ta banki in ta zo daga Argungu.

Ranar da ta fara ganin ajiyarta ta ƙaru, sai ta tare akawu. "Ɗana, ɗari huɗu na aje. Wagga ashirin hwa, wa ya zuba ta?"

"Ruwa ne, Inna. Kowace ɗari, naira biyar a shekara. In kin bar shi, baɗi shi ma ya haifi nasa."

"Innalillahi! Kuɗɗin nawa ɓeraye suka koma? Cire mini shi yanzu!"

Malaminta ya ce ta zuba shi a aikin jama'a, kada ta sa ran lada. Shi ke nan, duk wata uku sai ta hau mota ta zo ta cire ruwan, ta kai wa masu yashe magudanar kasuwa. Na ce, "Gwaggo, kuɗin motar nan fa sun fi ruwan yawa!"

"Kuɗɗin mota halalina ne, ɗiyata. In na so in ƙone su."

Wata rana manaja ya kira ta ofis, har da ba ta kujera. Wai ta sayi takardar lamunin gwamnati: ta ranta wa gwamnati kuɗi shekara biyar, duk wata shida a biya ta ruwa, a ƙarshe a maido mata uwar kuɗinta. Gwaggo ta gyara mayafi.

"Wai gwamnati ce ta matsu? Allah sarki! Ka ce mata ta zo gida in ba ta, ba ruwa. Amma ta taho da shaidu biyu."

Kai, Gwaggo!

A ciwonta na ƙarshe ni ta aika banki in cire ruwan. Da na dawo ta riƙe hannuna, muryarta da ƙyar take fita. "Kin cire?"

"Na cire, Gwaggo, har kwabon ƙarshe."

Sai ta saki ajiyar zuciya, ta yi murmushi. Kwana biyu bayan nan ta cika.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya karɓe ta da tsarkin da ta yi ta nema.